Sallama Uku a Ƙofar Inna

A kwalinsa Auta ya ɗora wa Inna abin a cinya, ya ce ta shafa ta faɗi ko mene ne. Tun da idonta ya rufe shekara huɗu da suka wuce, da hannu take ganin duk abin da aka kawo mata. Ta buɗe kwalin, yatsunta suka bi wani lanƙwasasshen abu mai kofuna biyu masu laushi kamar sabon burodi. Nan take ta gane shi. Shekara talatin da ɗaya ta yi da ɗan'uwansa a ka, a ofishin waya, zamanin da sai an haɗa ka da wanda kake nema kafin ka ji muryarsa.

"Ina igiyar?" in ji ta.

"Ba shi da igiya, Inna. Hedifon ne na zamani. Caji ɗaya ya kai ki kwana biyu."

"Abin da ba shi da igiya, ta ina ake zare shi in an gaji?"

Auta ya yi dariya, matarsa ta taya shi daga ƙofar kicin. Inna ba ta yi ba, don ta san abin da ya jawo mata wannan kyauta.

Gidan ɗaki biyu ne da falo a hawa na uku, ƙofar ɗakinta kuwa tana kallon teburin da Auta yake aiki. A gida yake aikinsa, daga safe har yamma yana magana da mutane ta kwamfuta. Kwanakin baya wani mai murya kamar an shafa mata mai yana ta yi masa alkawari, Inna ta kasa haƙuri, ta ɗaga murya daga kan gadonta ta ce, "Auta, wannan mutumin ƙarya yake shara maka. Ji yadda yake haɗiyar yawu kafin kowace magana." Ashe kowa a taron ya ji. Bayan kwana biyar maganarta ta tabbata, amma ba wanda ya dawo ya ce mata ta yi gaskiya.

Ya gyara mata ɗankwali, ya saƙala mata abin. Sai duniya ta ɗauke cak. Ƙugin firij, ɗigon famfo, motocin titi, tafiyar silifas ɗin surukarta, duk suka tafi lokaci guda, kamar an zura ta rijiya an rufe bakin. Kunnuwanta suka toshe. Can sai muryar wani malami ta faɗo mata tsakiyar ka, yana wa'azi a kan haƙuri.

Ta cire. Malamin ya yi shiru da kansa.

"Kin gani?" Auta ya ce, cike da jin daɗi. "Ya san an cire shi. Da kin mayar zai ci gaba daga inda ya tsaya. Awa biyu kawai, Inna, lokacin taro. Ga lada, ga hutu."

Makaho da kunne yake zagaya gida, kuma kunnen Inna ba irin na kowa ba ne. Da shi take sanin ranaku. Litinin motar shara, mai kukan birki. Talata matar hawa na sama ta kunna injin wanki, silin ya yi ta rawa. Alhamis 'yan makarantar bayan gida su fito motsa jiki, malaminsu yana busa usur. Laraba kuwa ita ce ranar da take jira, ranar da za ta ji sanda, ƙafa, sanda, ƙafa, sai a tsaya a yi nishi a kowane hawa. Takun Bakwai ke nan.

Kujera ta bakwai ce tata a ofishin waya, Inna tana ta shida, kafaɗa da kafaɗa. Sunayen kujerun suka bi su har tsufa. Duk waɗanda suka yi aiki tare sun riga su gidan gaskiya, saura su biyu.

Larabar farko, Bakwai ta same ta da abin a ka. Ba ta yi wata-wata ba ta fizge shi.

"Shida! An mayar da ke bakin aiki ne ba a gaya mini ba? Nawa ne albashin?"

"Shayi da burodi," in ji Inna. "Zauna kafin ki faɗi a kaina, numfashinki kamar tsohon janareto."

"Ke kika zaɓi zama kusa da gajimare. Wane ɗan kirki ne zai ajiye uwarsa a hawa na uku?" Ta juya wajen falo. "Kai, ɗan Shida, da kai nake!"

"Sannu da zuwa, Gwaggo," Auta ya ce a gajarce, hannunsa a kan makirfo.

Warin man zafin da Bakwai take shafa wa gwiwa ya cika ɗakin. Ta gwada hedifon ɗin, ta cire da sauri. "A'uzubillahi. Wannan ai gwajin kabari ne. Namu na da ko banza kunne ɗaya yake rufewa, ɗayan a bar miki ki ji tsegumi."

Suka ɓarke da dariya. Suka tuno shugabarsu mai agogo a wuya, wadda dokarta ɗaya ce: in fitila ta kama a allo, kada kira ya yi ƙara fiye da sau uku ba a amsa ba. Bakwai ta sha biyan tara a kan haka. Inna kuwa ko sau ɗaya.

"Shekara talatin da ɗaya," Inna ta ce, tana buga ƙirji. "Ba wanda ya taɓa kira ya tafi ban amsa ba."

"Naki da sauƙi, ba ki da saurayi a layi."

Dariyar ta kai falo. Inna ta ji Auta yana ba mutanen kwamfuta haƙuri da wata siririyar murya da ba ta san shi da ita ba. Can Bakwai ta tafi. Auta ya ajiye kofi a kan tebur da ƙarfin da ya fi na kullum.

Washegari ya karɓi 'yar wayarta mai maɓallai, wadda ta haddace da yatsa. Ya ce tana yawan ƙara ana tsakiyar taro, ya mayar da layinta cikin wata babba mai santsi kamar faranti, ya haɗa ta da hedifon ɗin. Wayar a teburinsa take zama, don ita ba ta iya sarrafa ta. Da Inna ta cire abin daga kanta, karatu ya tsaya, fuskar wayar ta haska a gabansa.

"Inna, mayar mana. Saura kaɗan."

Awa biyu ta zama huɗu. Huɗu ta zama daga karin kumallo zuwa la'asar. Daga nan matar Auta ta lura ashe in abin yana kan Inna, suna iya yin 'yar gardamarsu ta miji da mata ba wanda zai yi gyaran murya daga ɗaki. Sai ya zama bayan cin abincin yamma ma ana mayar mata.

"Ba don komai ba, Inna," surukar ta ce, tana cire mata 'yan kunne saboda kofunan suna danne su har fatar ta yi ja. "Kunnenki ne ya cika kaifi. Ko allura aka yar sai kin tambaya. Mutum yana son ya ɗan sake a gidansa."

"Gaskiya ne, 'yata."

"Kuma kin san tsadarsa? Ko ni ban da irinsa."

Inna ta so ta ce to ki ɗauka, na ba ki duniya da lahira. Ta haɗiye. Bakin da ake ciyarwa ba ya tsawo.

Wa'azi goma sha biyu Auta ya zuba a wayar, da karatu, da wasu tsofaffin shirye-shiryen rediyo. In sun ƙare su koma farko. Ta haddace inda malamin yake tari, da inda wani a cikin masu sauraro yake jan kujera. Lokacin salla wata ƙararrawa ce take faɗo mata a ka, ta lallaɓa ta yi alwala, ta idar, a mayar mata. Zufa ta riƙa taruwa a cikin kofunan. Bayan kunnenta na hagu ya saɓule, surukar ta shafa mata hoda, ta ce zafi ne na gari.

Abin da ya fi damunta shi ne yadda mutane suka daina zuwa, sai dai su bayyana. Da, tun daga kicin take jin an nufo ta, ta shirya fuskarta. Yanzu tana zaune sai ta ji hannu a kafaɗa, gabanta ya yanke ya faɗi. Sau biyu tana ɓarar da shayi a jikinta. Rannan ta tashi za ta banɗaki da abin a ka, ba ta ji an jawo kujera tsakiyar hanya ba, ta yi karo da ita ta zube. Auta ya ɗaga ta yana faɗa.

"Ai shi ya sa nake cewa ki zauna wuri ɗaya. Me kike nema da ba a kawo miki ba?"

Sai ta zauna wuri ɗaya. Aka juya mata kujera ta fuskanci taga, wai ta sha iska, bayanta yana kallon ƙofa.

Ranaku suka cakuɗe mata. Ba motar shara, ba usur. Injin wankin sama kaɗai take ji a tafin ƙafa, shi ma wani lokaci ba ta tabbata ko jiri ne. Da daddare in an cire mata, muryar malamin ba ta fita daga kanta, kuma gidan ya riga ya yi barci, ba abin da ya rage a ji.

"Yau wace rana ce?" ta tambayi Auta wata safiya, yana tsaye da abin a hannu.

"Asabar."

"Laraba ta wuce ke nan. Bakwai ba ta zo ba?"

"Gwaggo ai kin san ƙafarta. Benen nan ba wasa ba ne."

"Kira mini ita."

"Yanzu ina da taro. An jima."

An jima ta zama gobe. Goben ya ce ya kira ba ta ɗauka ba. Wani makon ya ce kamar ya ji an ce ta je wurin 'yarta. Inna ta san muryar mai haɗiyar yawu kafin magana, ko da kuwa ita ta haife shi. Amma ta gaji. Tambaya ma ƙarfi take so, ita kuwa nata kullum raguwa yake yi. Ta rage cin abinci. Ta daina gyara wa kowa magana. Yayan Auta da ke wani gari ya bugo, aka ba ta shi minti biyu, ya ce, "Inna, an ce an saya miki abin zamani, kina ta shan karatu. Allah ya yi wa Auta albarka." Ta ce amin.

Wata rana da hantsi, malamin yana kan wa'azi na tara, iska ta taɓa bayan wuyanta, alamar an buɗe ƙofar falo. Sai wari ya biyo iskar, warin man zafi. Ta ɗaga hannu za ta cire, sai ta ji tafin Auta a kan kofin dama, ya danne shi a hankali, kamar mai lallashin yaro. Ya ɗan bubbuga kafaɗarta sau biyu, ma'ana ana taro. Ta sauke hannun. Ta ce a ranta ƙila surukarta ce take ciwon baya. Warin ya ɗan jima, sannan ya tafi.

Da yamma ta tarar da wata 'yar kwalba a kan teburin gefen gadonta. Ta buɗe ta sansana. "Wa ya kawo wannan?"

"Ki shafa wa gwiwarki," surukar ta ce, ta fita da sauri.

Ba ta san kwana nawa aka yi bayan nan ba. Ta dai san wata safiya malamin yana tsakiyar jimla wata mata ta katse shi da Turanci, abin ya yi 'yar ƙara, ya mutu. Matar Auta ta manta ba ta sa shi caji ba. Auta kuwa ya shiga wanka.

Inna ta zare shi a hankali ta ɗora a cinya. Gidan ya dawo mata gaba ɗaya, har sai da ta riƙe hannun kujera. Firij yana ƙugi, kuma ƙuginsa ya canja, yana neman gyara. Famfon kicin har yanzu yana ɗiga. Wata tattabara tana taku a bakin taga. A ƙasa mai gyaran takalmi yana buga guduma, can nesa wata mata tana kiran ɗanta da sunan da ba na yabo ba. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

Sai ta ji surukarta a kicin tana waya, murya ƙasa-ƙasa.

"Wallahi ban samu na koma ba tun ranar uku. Ki ba su haƙuri. E, ita ce ƙawar Inna, mai sandar nan. Yau kwana goma sha tara."

Inna ta zauna kamar an dasa ta. Ta ji an rufe famfon banɗaki, ta ji takun Auta, ta ji ya tsaya a ƙofarta.

"A'a, Inna, ya aka cire?"

"Zo nan. Kira mini matarka."

Rabon da su ji wannan muryar har sun manta da ita. Suka zo suka tsaya.

"Yaushe Bakwai ta rasu?"

Ta ji Auta ya haɗiyi yawu.

"Inna, ai... ai an yi maganar. A nan ɗakin ma aka yi ta, ranar da aka bugo. Muna ba ki abincin rana. A gabanki aka yi."

"A gabana."

"Na ɗauka kin ji. Daga baya kuma na ga hawan jininki, na ce a bari ki ɗan ƙara ƙarfi. Na je gaisuwa a madadinki, wallahi na je. Har na ce kina gaishe su."

"Na gode. Ranar da ka danne mini kunne, ita ce ta zo?"

Matarsa ce ta fashe da kuka.

"Ita ce, Inna. Za a kwantar da ita asibiti washegari, za a yi mata aiki a zuciya. Ta ce ba za ta shiga ba sai ta ji muryarki. Mai tasi yana jiranta a ƙasa. Da ƙyar ta hawo, ta jingina da ƙofar falo, ko taku ɗaya ta kasa ƙarawa. Tana hango bayanki."

"Taron da nake yi ranar," Auta ya ce, "da manyan kamfani ne, Inna. Wata uku ina neman su. In Gwaggo ta shigo kin san yadda kuke. Na yi mata alama ta ɗan jira minti goma kawai. Minti goma! Ita ce ba ta jira ba."

"Ta zo kafin nan?"

"Sau biyu," in ji matar. "Ya ce mata kina hutawa. Ta yi ta bugo waya kuma, wayar tana kan shiru."

"Don kada a katse miki karatu ne," Auta ya ce. "Duk abin nan don jin daɗinki aka yi shi. Wa ya san gaibu? Kwananta ne ya ƙare. Ko kin amsa, ko ba ki amsa ba..."

"Ta yi sallama?"

"Ta yi," in ji Auta.

"Da ke nake, 'yata. Sau nawa?"

Surukar ta ja hanci. "Ta farko a hankali, saboda ya sa yatsa a baki. Ta biyu ta ɗaga murya. Ta ukun ta ce, 'Shida, Bakwai ce a layi.' Ta tsaya kaɗan. Sai ta miƙo mini kwalbar, ta ce ba halinki ba ne, a gaya miki ta san ba halinki ba ne. Ta juya."

Inna ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, wanda ta yi ɗazu saboda tattabara ya tafi da sauran hawayen. Ta lalubo kwalbar, ta riƙe ta a tafin hannu. A waje mai gyaran takalmi bai fasa buga gudumarsa ba.

Auta ya durƙusa a gabanta, ya ce ta yafe masa, ya ce in an kwana biyu zai kai ta gidan su Gwaggo da kansa, da zarar aiki ya yi sauƙi. Yana magana agogon kwamfutarsa ya yi ƙara daga falo, alamar saura minti goma sha biyar taro. Ta ji nauyinsa ya koma ƙafa ɗaya. Ta ji ya ɗauki hedifon ɗin daga cinyarta, ya fita, ya soka shi a caji. Mai sayarwa ya gaya masa cajin minti goma yana ba da awa uku, kuma ya sha faɗa wa baƙi haka.

Da ya dawo ya tsaya da abin a hannu, ya rasa ta inda zai fara.

"In ba kya so yau, Inna, a bar shi. Sai dai ki ɗan... kin gane. Awa ɗaya ce kawai."

"Yau wace rana ce?"

"Laraba."

Ta kasa kunne ga matakalar bene. Wani yaro ya sauka a guje. Wata mata ta hau da leda mai ƙara. Bayan su ba kowa. Ta saurara har sai da ta tabbata, sannan ta miƙa hannu.

"Kawo."

Da kanta ta gyara ɗankwali, da kanta ta saƙala shi, ta daidaita kofin hagu a kan gyambon. Malamin ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Da yamma yayan Auta ya bugo yana tambayar jikin Inna. Auta yana tsaye a ƙofar ɗakinta, taku uku daga bayan kujerarta, bai ko rage murya ba.

"Da sauƙi sosai, Yaya. An gaya mata rasuwar, ta ɗauka da tawakkali, ko kuka ba ta yi ba. Hedifon ɗin nan ya taimaka ƙwarai. Da sai an yi ta fama da ita. Yanzu kuwa ta saba, da kanta ma take sawa."